Yadda mutum ke yaƙi da kansa bisa tebur: tarihin wasan sojojin dalma

A Ingila da Faransa da Amurka akwai magidanta, wasunsu har da furfura, da ke keɓe ɗaki guda a gida su kafa tebur, su shimfiɗa masa koren ƙyalle, su jera tuddai da itatuwa da gulbi na kwali, sa'annan su ja dagar ƴan mitsi-mitsin sojoji na dalma ko na roba waɗanda tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Wannan gefe rundunar Rumawa, wancan gefe Hanibal da giwayensa. Wani kuma ba ruwansa da tarihi, dodanni da matsafa ya jera, cikin wata ƙasa da shi ya ƙaga ta, ya zana mata taswira, ya naɗa mata sarakuna. Wasan yana da dokoki a rubuce: dakare yana tafiyar santimita kaza a kowane zagaye, barde ninkin haka, kibiya iyakarta nan. Ana awo da ma'auni, ana jefa ɗan ludo, ƙwayar nan mai fuska shida, don a san wanda ya faɗi da wanda ya tsaya. Galibi mutum biyu ke karawa. Amma akwai masu yin abinsu su kaɗai, su ne sarkin yaƙin gabas su ne na yamma, kuma yaƙi ɗaya yakan ci musu shekara da shekaru. Tarihin waɗannan nake son in ba malamai da uwayen yara, don ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Duk wanda ya taɓa zama gaban gurabun dara shi kaɗai, ya kasa ƴaƴa goma sha biyu nan, goma sha biyu can, ya san inda gizo ke saƙa. Hannun dama ya riga ya san abin da hannun hagu ke nufi. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne. To wa za ka zambata, tunda cikin da ya ƙulla dabarar shi ne cikin da za a yi wa ita? Ga kuma son kai. Zuciya takan karkata ga ɓangare guda, sai ka iske kana sa ɗaya ɓangaren yin wauta ba tare da ka yi niyya ba. Kusan duk abin da aka ƙago cikin wasan mutum ɗaya, neman maganin waɗannan cututtuka biyu ne. Sai dai kafin a kai ga mutum ɗaya, da mutum uku aka fara.

Cikin shekara ta 1780, wani malamin lissafi mai suna Hellwig, da ke karantar da samarin fada a garin Braunschweig na ƙasar Jamus, ya ɗauki wasan darar Turawa ya faɗaɗa shi. Allonsa yana da gida 1617, an shafa musu launi daban-daban don a bambanta tudu da ruwa da fadama. Malami ne ya ƙago abin don ɗalibansa, kuma na so a lura da wannan tun daga farko. Amma nasa bai rabu da kamannin dara ba: kowa yana kallon komai.

Waɗanda suka canza lamarin uba ne da ɗansa, su Reisswitz na ƙasar Purusiya, wadda Barlin ce babban birninta. Uban ya watsar da gidajen dara, ya yi tebur mai tudu da kwari, ya kai wa sarkinsu a 1812. Ɗan, wanda hafsa ne cikin sojan igwa, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Ya koma amfani da taswirar ƙasa ta gaske, inda santimita ɗaya ke matsayin mita 80. Sojojinsa ƴan guntayen dalma ne masu kusurwa huɗu, ja da shuɗi, babu fuska babu hannu. Kowane zagaye minti biyu ne na fagen fama. Babban abin da ya kawo shi ne mutum na uku, alƙalin wasa. Masu karawa ba su taɓa sojojinsu da hannu. Kowa ya rubuta umurninsa a takarda ya miƙa wa alƙali, shi ne zai motsa runduna, ya jefa ƙwaya don ya san asarar da wuta ta yi, sa'annan ya gaya wa kowane ɓangare iyakar abin da idon magewayansa zai iya hangowa. Abin da ke bayan tudu yana cikin alƙali, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar Müffling, da aka gwada masa, ya ce wannan ai ya wuce wasa, horo ne, ya kuma yi kira ga rundunoni su riƙe shi. Saurayin da ya tsara shi bai ga inda aikinsa ya kai ba, ya mutu a 1827. Da Purusiya ta kada Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka yi ta kwaikwayo, kowa yana cewa asirin yana cikin wasan. Ni dai ina ganin an zuzuta. Jirgin ƙasa da igwogin ƙarfe da saurin tara soja sun fi wasa aiki a wannan yaƙi. Abin da ba a musu shi ne, hafsan da ya saba yanke shawara alhali bai san komai da komai ba, ya fi wanda ya haddace littafi.

Wancan reshen sojoji ke nan. Ɗaya reshen daga ɗakin yara ya fito, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. A 1826, a wani ƙauye mai suna Haworth a arewacin Ingila, wani limamin coci ya dawo daga tafiya da tsarabar sojojin katako goma sha biyu, ya ba ɗansa Branwell. Gidan maraici ne: uwar ta rasu a 1821, manyan ƴaƴa mata biyu sun bi ta a 1825, saura yara huɗu, babbarsu Charlotte tana da shekara goma. Kowane yaro ya zaɓi soja guda ya raɗa masa suna. Charlotte ta kira nata Wellington, Branwell ya kira nasa Bonaparte. Daga nan suka ƙaga wa sojojin ƙasa, da birane da sarakuna da majalisa da jaridu, suka riƙa rubuta labarin yaƙe-yaƙenta cikin ƴan littattafan da suka ɗinka da hannu, wasu ba su fi kwalin ashana girma ba, wai don su yi daidai da hannun sojojin. Abin mamaki, a gaɓar Afirka ta Yamma suka ajiye wannan ƙasa tasu, abokan gabarsu kuwa Ashantawa. Afirkar mujallun Turawa ce, wadda baƙo ke zuwa ya ci da yaƙi ya kafa mulki, yaran ba su san wata ba. Amma sun yi shekaru fiye da goma suna wannan rubutu, kuma a 1847 ƴan matan uku, Charlotte da Emily da Anne Brontë, kowace ta fitar da littafin ƙagaggen labari. Na biyun farko har yau ana karanta su a makarantun duniya. Babu ƙwaya babu ma'auni cikin wasansu, kuma su huɗu ne. Abin da suka bar wa masu zuwa shi ne ƙagaggiyar ƙasa da littafin tarihinta.

Marubucin nan Robert Louis Stevenson ya haɗa reshen biyu. A farkon shekarun 1880, yana jinyar ƙirji a Davos cikin duwatsun Suwis, ya zana taswira da alli a daɓen ɗakin sama, shi da agolansa suka yi ta yaƙi da sojojin dalma makonni, da lissafin guzuri da harsashi, yana kuma rubuta rahoton kowace arangama kamar ɗan jarida.

A lokacin, sojojin wasa mafi yawa daga Jamus ake kawo su, kuma da tsada. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya gano yadda ake zuba dalma cikin mazubi a tsiyaye ta tsakiyar, soja ya fito da rami a ciki. Dalma kaɗan, kuɗi kaɗan, sai sojoji suka cika gidaje. Da irin waɗannan H. G. Wells, wani shahararren marubuci, ya tsara dokokin da ya buga a 1913 cikin littafinsa Little Wars, ma'ana ƙananan yaƙe-yaƙe, wanda ake ɗauka shi ne mafarin wasan ga farar hula. Dakare ƙafa ɗaya a zagaye, wajen santimita 30, barde ƙafa biyu, ana awo da igiya. Harbi kuwa da igwar wasa ake yi, mai tofo ɗan guntun itace, wanda ta kayar ya mutu. Ba shi da alƙali, don haka ya nemo wata dabara: a ja labule a tsakiyar ɗaki, kowa ya jera rundunarsa a ɓoye, sa'annan a yaye. Wells mai ƙin yaƙi ne. Hujjarsa ita ce, wanda ya gwada ƙaramin ya ga irin shirme da asarar da ke ciki, ba zai yi marmarin babban ba. Shekara guda bayan fitar littafin, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Zan dawo kan wannan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu wannan sha'awa ƴan kaɗan ne, a warwatse, kowa yana jin kunyar a ce babba yana wasan yara. A Amurka Jack Scruby ya fara wata ƴar mujalla a 1957 da ta sada su ta hanyar wasiƙa. A Ingila kuwa aka yi dace mutum biyu suna zaune gari ɗaya, Southampton. Ɗaya Donald Featherstone, tsohon sojan tankar yaƙi da ya yi fama a Afirka ta Arewa da Italiya, daga baya ya zama mai gyaran targaɗe da tausar ƴan ƙwallon garin. Ɗayan Tony Bath, wanda zamanin da ne ya ɗauke masa hankali: Masarawa, Girkawa, Farisawa, Rumawa. Bath ya rubuta dokokin yaƙin mashi da kibiya tun 1956, ya kafa ƙungiyar masu wasan zamanin da a 1965. Featherstone ya buga littafinsa na farko kan wannan wasa a 1962, ya kuma riƙe wata mujalla daga wannan shekara har 1980. Cikin waɗannan shekaru kamfanin Airfix ya fara sayar da sojojin roba da yawa cikin kwali ɗaya a kuɗin da ɗan lakwal zai iya tarawa.

Bath ya gamu da wata matsala da duk mai son zamanin da ke gamuwa da ita. Kana da rundunar Fir'auna, kana da ta Rumawa, amma shekara fiye da dubu ke tsakaninsu, ba su taɓa haɗuwa ba. Sai ya ari duniyar da wani marubucin Amurka, Robert E. Howard, ya ƙaga cikin shekarun 1930 don labaran jaruminsa Conan, duniyar da ke da ƙasa mai kama da Masar tana maƙwabtaka da mai kama da Turai ta zamanin barade. Ya sa wa nahiyar tasa suna Hyboria, ya raba sarautu ga abokai, suna aiko da umurni ta gidan waya, shi yana alƙali, in runduna biyu suka haɗu bisa taswira sai a jera su bisa tebur. Shekaru aka yi ana wannan. Nan ne zamanin da da duniyar almara suka zama ɗan juma da ɗan jummai, tun kafin a sa dodanni a ciki.

Abin da na fi yaba wa Bath shi ne yadda ya yi da sarakuna da hakiman da ba su da mai riƙe su. Ya bayyana dabarar cikin littafin da ya fitar a 1973 kan yadda ake shirya dogon yaƙi. Kowane basarake sai a raba masa ƴaƴan karta, kowace karta da halin da take nufi. Wannan ya fito jarumi amma makwaɗaici, wancan mai amana amma rago, wata gimbiya mai wayo da riƙo. Idan aka kai wa hakimin kan iyaka toshiya don ya buɗe ƙofar birni, ba son zuciyar alƙali za a bi ba, halin da karta ta ba shi za a duba. Bath don jama'a ya tsara wannan, amma masu wasa su kaɗai suka fi kowa cin moriyarsa, don ya ba su mutanen da ba su jin maganarsu.

Su kuwa masu yi su kaɗai sun daɗe da akwai, tilas ce ta sa: wanda ke ƙauye, wanda ke aikin dare, wanda ba shi da abokin sha'awa ko a nisan kwana guda. Featherstone ya ba da labarin wani Lionel Tarr, wanda ya yi shekaru yana maimaita yaƙin Jamus da Rasha na 1941 shi kaɗai a gidansa. A farkon shekarun 1970 Featherstone ya tara dabarunsu cikin littafi guda. In aka duba su da kyau, duk ƙoƙari ne na mayar da alƙalin Reisswitz da labulen Wells cikin takarda da kwali.

Bari in kwatanta da yaƙin Kadesh, wanda aka yi wajen shekara 1274 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙasar Siriya ta yau. Fir'auna Ramsis na biyu ya taso da runduna huɗu, suna tafe ɗaya bayan ɗaya da tazara mai yawa. Aka kamo makiyaya biyu, suka ce sarkin Hittiyawa yana can nesa wajen Halab. Ashe ƴan leƙen asiri ne, sarkin yana laɓe bayan birnin da kekunan yaƙinsa. Fir'auna ya yi gaba ya kafa sansani, Hittiyawa suka ƙetare gulbi suka auka wa runduna ta biyu tana cikin tafiya, da ƙyar Ramsis ya sha. To, mai wasa shi kaɗai ya karanta wannan labari, ya san makiyayan ƙarya suke. Yaya zai faɗa tarkon da ya sani?

Ga yadda suke yi. Zai yanka ƴan kwalaye goma iri ɗaya, ya rubuta sunan rundunonin Hittiyawa a bayan huɗu, shida ya bar su fanko, ya kife su ya gauraya, ya watsa bisa taswira. Yanzu shi kansa bai san wanne ne ƙura wanne ne mayaƙa ba, sai magewayansa sun isa wurin ya buɗe. Zai rubuta wa abokin gaba shiri uku ko huɗu, kowanne mai hankali, irin wanda shi da kansa zai yarda ya bi: kwanton ɓauna bayan birni, tare mashigin gulbi, ja da baya don a janyo Masarawa nesa da guzurinsu. Ya naɗe takardun, ya tsara nasa shirin ya rubuta, sa'annan ya zari ɗaya. Wanda ya fito shi za a bi, nasa kuma ba ya canzuwa sai manzo ya kai sabon umurni, manzon ma ana auna tafiyarsa bisa taswira, ana iya kama shi a hanya. Ga kuma tarin katunan ƙaddara da ake zara a kowane zagaye: ruwa ya sauko gulbi ya cika, ciwo ya shiga dawaki, wani sarkin yaƙi ya yi fushi ya ƙi tashi. Akwai ma dabarar kwalayen ashana, da ake manne su da yawa su zama kamar kabad, kowane kwali yana matsayin yanki guda na taswira. Asalinta don mutum biyu marasa alƙali ce, kowa ya zo ya motsa alamarsa daga kwali zuwa kwali, ranar da ya buɗe ya iske ta wani an yi kiciɓis. Mai yi shi kaɗai ya haɗa ta da kifaffun kwalayen nan.

Duk wannan maganin cuta ta farko ne. Ta biyun, son kai, ba ta da magani sai hali. Masu abin sukan tashi daga kujera su zagaya ɗaya gefen tebur in zagayen abokin gaba ya zo, su kalli filin daga inda yake kallo. Kusan dukkansu kuma suna riƙe littafin tarihi, kamar yaran Haworth, suna rubuta abin da ya faru kwana-kwana. Wanda ya rubuta jiya cewa rundunarsa guzurin kwana uku ya rage mata, yau ba shi da bakin cewa na mako ne.

A 1976 John Bennett ya kafa ƙungiyar masu wasa su kaɗai a Ingila, da mujallarta Lone Warrior. Abin dariya ne a ce masu kaɗaici sun yi ƙungiya, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1983 Charles S. Grant, hafsa cikin sojan Ingila, ya fitar da littafin fagage wanda a cikinsa an riga an tsara yadda abokin gaba zai jera da yadda zai mayar da martani, ƙwaya ce ke zaɓa. Sai 1990, Phil Barker da abokan aikinsa suka fito da dokokin da ake kira DBA, waɗanda suka rage wa zamanin da nauyi ƙwarai. Kowace runduna ƙungiya goma sha biyu ce kacal, fili santimita 60 kowane gefe, wanda ya rasa huɗu an ci shi, cikin sa'a guda an gama. Kowane zagaye ka jefa ƙwaya ɗaya, abin da ta ba ka shi ne yawan umurnin da za ka iya bayarwa. In ɗaya ta fito, ga dama a gabanka kana gani, ba ka da bakin kiran kowa. Wannan ya yi wa mai wasa shi kaɗai daɗi, don ko ya san shirin abokin gaba, bai san ko zai samu ikon aiwatarwa ba.

Dodanni sun shigo da ƙarfinsu ne ta Amurka. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka buga dokokin yaƙin barade, suka liƙa musu ƴan shafuka a ƙarshe na matsafa da dodanni, irin na labaran Tolkien. Daga waɗannan shafuka Dungeons & Dragons ya fito a 1974, inda kowa ke riƙe jarumi guda a maimakon runduna, kuma yawancin wasannin jarumai da yaranmu ke latsawa a salula jikokinsa ne. A 1983 kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar da Warhammer, abin ya zama babbar kasuwa. Nan ni ba na tafi da murna. Ƙasar da kamfani ya zana, ya rubuta mata tarihi, ya sayar maka da sojojinta da tsada, ba ɗaya take da wadda yaro ya zana da hannunsa ba. Duk da haka tsohuwar hanyar ba ta mutu ba. Ana ta fitar da ƙananan dokoki na mutum ɗaya, kuma zaman gida na annobar 2020 ya mayar da mutane da yawa gare su.

Malami zai ce, to ina ruwan aji da wannan? Farfesa Philip Sabin na jami'ar King's College a Landan ya yi shekaru yana karantar da tarihin yaƙi da irin wannan hanya. Littafinsa na 2007 ya raba kowane fagen fama na Girkawa da Rumawa gida ashirin, ya kuma riƙa sa manyan ɗalibansa su tsara nasu wasan. Dalilinsa mai sauƙi ne. Labaran zamanin da sun zo mana a gutsure, marubutan suna saɓa wa juna kan yawan mayaƙa. Wanda zai jera su bisa tebur dole ya tambaya: mutum dubu hamsin za su shiga wannan kwari? Me suka ci, ina suka sha ruwa? Yaron da ya haddace cewa an yi yaƙin Zama a shekara 202 kafin haihuwar Annabi Isa, a Tunisiya ta yau, ya san abu ɗaya. Wanda ya zauna a mazaunin Hanibal, da giwaye tamanin da ba su gama horuwa ba, ga baraden Numidiya da a da suke nasa yau mafi yawansu suna tare da Rumawa, ya fara fahimtar dalili. Ga lissafin ma'aunin taswira, ga rubutun labari kullum ba wanda ya tilasta shi.

Uba kuma yana da tambayar da ta fi wannan nauyi. A yankunan da ƴan bindiga suka hana mutane barci, daga kudancin Maraɗi zuwa arewacin Tawa, wa zai so ya ga ɗansa yana wasa da yaƙi? Ba zan kawo hujjar Wells ba, 1914 ta riga ta amsa masa. Soja na dalma ba ya barin gwauruwa da marayu, ana tashe shi a mayar cikin kwali, kuma wasan da kansa ba zai gaya wa yaro wannan bambanci ba sai babba ya gaya masa. Abin da zan iya cewa shi ne, tsakanin wasan salula da ke saka wa yaro da maki don saurin harbi, da wanda ke tilasta shi ya tashi ya zauna a mazaunin abokin gabarsa ya yi masa tunani na gaskiya, na san wanda zan zaɓa wa nawa. Batun ƙwaya kuwa, ba a sa ko dala, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba ya rubuta 1 zuwa 6 a takardu ya zuba cikin hula. Wanda ba ya son mutum-mutumi a gidansa ya tuna hafsoshin Purusiya da guntaye masu kusurwa huɗu suka yi nasu. Marfin kwalba da kwalin sukari sun isa, balle yaran da suka iya gina doki da laka.

Cikin jerin rundunonin DBA, waɗanda suka haura ɗari uku, akwai ta Abzinawa, akwai kuma ta daulolin Sudan ta Yamma, wadda aka tsayar da ita a 1591. Duk ɗan lakwal a Nijar ya san abin da ya faru a wannan shekara. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo Judar Basha da mayaƙa wajen dubu huɗu, da bindigogi, suka keto Sahara, suka gamu da Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi, arewa da Gawo. Songai sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Suka koro garken shanu don su tattake baƙin, ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su, daula ta watse, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka gangaro Dandi suka ci gaba da turjiya a ƙarƙashin Askiya Nuhu. Yaron da zai jera wannan bisa tabarma ya san ƙarshen labarin, Askiya kuwa bai sani ba. Don haka sai ya fara jefa ƙwaya ya ga mutum nawa hamada ta bar wa Judar, ya kife lissafin kada ya duba. Sa'annan ya rubuta wa Askiya shiri uku: a kwashe jirage da hatsi a bar baƙin da yunwa da zazzaɓin bakin kogi, a dame su da hare-haren barade dare da rana ba tare da an ja daga ba, ko a koro shanu. Ya naɗe, ya zuba cikin hula, ya zari ɗaya. Wanda ya fito shi zai bi da iyakar ƙoƙarinsa, ko da shanun ne.